Littafin Awo

Shekara talatin ina kan keken ɗinki a Kwarbai,
ƙafa na ta tafiya, ni ban je ko'ina ba.
Rigunan da na ɗinka sun ga Makka,
ni iyakata shago, masallaci, teburin Cindo mai shayi.
Cokali huɗu. Ya sani, ba sai na faɗa ba.

Ƙishirwa ce ta fara sallama.
In shanye randa, harshe na nan kamar soso,
dare ɗaya fita biyar,
har tururuwa ta gane hanyar makewayina.
Sai kafar allura ta soma yi mini wasan ɓuya.
A Shika, wata sa'ar 'yata ta soki yatsana,
ta dubi lamba, ta dube ni:
Baba, da ƙafarka ka zo?

Na dawo da ƙwayoyi da takarda,
na cusa su ƙarƙashin yadi kamar bashi.

Barau ne ya tona mu.
Ƙaya kawai ya taka a gonar rake,
wata biyu aka dawo da shi da ƙafa ɗaya.
Ya aiko in rage masa wando.
Na ɗauki almakashi, hannu ya ƙi.
A zaurensa, wajen dubiya, baki ya buɗe:
ashe Jatau direba, ashe na'ibin liman,
ashe Lantana da ta ajiye aikin jinya,
mu tara a layi guda,
kowa ya kulle nasa a ciki yana amsa "lafiya lau".

Lantana ta ce, asibiti rana ɗaya ce a wata,
sauran ashirin da tara namu ne.

Ba mota mai tambari, ba lasifika.
Ana sallame asuba muka kama gefen ganuwa,
daga Ƙofar Gayan zuwa Kuyambana,
yara na tambaya ko akuya ce ta ɓace mana.
Mata na nasu a filin Islamiyya,
zagaye goma kafin ɗalibai su iso.
Ranar Juma'a adashi, ɗari biyu-biyu,
kwasar ba ta kowa ba ce,
ta tsinken gwaji ce da batir.

Malmala uku ta koma ɗaya.
Zogale ya hau kan kwano, rama ta samu sarauta,
wake safe, wake dare,
acha in aljihu ya yarda, kuma ba kullum yake yarda ba.
Rannan na ɗaga wa Cindo yatsu biyu a ɓoye,
ya rufe gwangwani ya ce,
Malam Tanimu, ba da cokalina ba.

Ba zan ce ban zame ba.
Ran sunan jikata lemo biyu na sha, da alkaki,
har da wanda na sa a aljihu.
Washegari lamba ta faɗi abin da na ɓoye.
Ba wanda ya yi faɗa.
Jatau dai ya ce, yau sai mun taɓo Ƙofar Kona.

Littafin awona na nan, mai baƙin bango.
Shafin dama wuya, hannu, ƙugu, tsawo,
shafin hagu sunaye tara da lambobin safiya.
Jiya Jatau ya kawo wanduna uku
a matse masa inci biyu.
Ban karɓi ko kwabo ba.

Ciwon bai tafi ba.
Lantana ba ta taɓa ce mana zai tafi ba.
Barau kan riga mu fita, ya jingina sanda,
ya zauna a dakali yana ƙirga mu,
in ɗaya ya rage, jikansa zai buga ƙofa.

Takalmina na bakin zaure.
Kafin in sa, sai na zura hannu ciki
na laluba, har lungun yatsu.
Barau ne ya koya mini.